Kira ga Matasan Ikilisiya: Tawali'u Ba Halin Rago Ba Ne

Malam Edita,

Ina gaishe ka da ma'aikatanka, da fatan aiki na tafiya lafiya. Ni Kirista ne, dattijo a wata ƙaramar ikilisiya a Sabon Tasha, kuma tsohon ma'aikacin masaƙa a Kakuri. Na san akasarin masu karanta jaridarka Musulmi ne. Amma mu ma muna da yawa da muke sujada da Hausa, iyayenmu suna karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa tun da aka buga shi a 1932, da Hausar muke ciniki, da ita muke faɗa, da ita muke shiryawa. Shi ya sa nake roƙon fili in yi magana da 'ya'yanmu a gaban maƙwabtanmu, domin abin da zan faɗa ba na ɓoye ba ne.

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin matasanmu. In ka ce musu su yi haƙuri kamar yadda Yesu ya koyar, cewa wanda aka mara a kunci ɗaya ya juya ɗayan, sai su ce: "Baba, kunci biyu Allah ya ba mu. An mari na dama, mun juya na hagu, shi ma an mara. Saura wanne?" Har daga kan bagade na ji irinta, jama'a suna ta tafi. Yanzu idan mai wa'azi ya buɗe Matiyu 5:5 ya karanta cewa "Albarka tā tabbata ga masu tawali'u, domin za su gaji duniya," sai ka ga samari sun sunkuyar da kai suna duba waya. A wurinsu wannan aya ta tsofaffi ce da waɗanda ba su da yadda za su yi.

Ba na raina ciwon da ya haifi wannan magana. Ina cikin garin nan a Fabrairun 2000, na ga abin da ido bai kamata ya gani ba, na sake gani a Nuwamban 2002 da Afrilun 2011. Muna nan aka sace ɗaliban makarantar horar da limaman Katolika ta Kakau a Janairun 2020, aka kashe Michael Nnadi yana ɗan shekara 18. Muna nan aka kwashe yara 121 daga makarantar Bethel Baptist a Yulin 2021, iyaye suka zauna a harabar makaranta suna kuka, suka sayar da gona da dabba don fansar 'ya'yansu. Ƙauyukan Kajuru da Kaura da Zangon Kataf sun binne mutane a kabari ɗaya ba sau ɗaya ba. Na kuma san maƙwabtanmu Musulmi suna da nasu kaburburan, daga Zonkwa har Birnin Gwari. Wanda ya binne uwarsa da hannunsa, ba ka zo masa da ayar haƙuri kamar kana miƙa masa ruwan sanyi. Amma duk da haka ina cewa yaranmu sun yi wa tawali'u mummunar fahimta, kuma da yawa daga cikin masu koyarwarmu ne suka koya musu haka.

Mutumin da Littafi Mai Tsarki ya shaida cewa ya fi kowa tawali'u a zamaninsa Musa ne, a Littafin Ƙidaya sura 12. To wane ne Musa? Shi ne saurayin da ya ga Bamasare yana dukan ɗan'uwansa, ya duba dama da hagu, ya kashe shi ya turbuɗe gawar a cikin yashi. Zuciya ce da shi, da hannu mai nauyi. Wannan kisa bai 'yantar da bawa ko ɗaya ba, sai dai ya sa shi gudun hijira zuwa Madayana shekara 40 yana kiwon tumakin surukinsa. Da ya dawo, ba a ce ya zama matsoraci ba, domin shi ne ya tsaya gaban Fir'auna ya faɗa masa abin da ba ya so ya ji, ya koma ya sake faɗa. Abin da ya canza shi ne ya daina ɗaukar wa kansa fansa. A wannan sura ta 12, yayarsa Maryamu da wansa Haruna suka yi gulmarsa a kan matar da ya aura, suka ce ai ba shi kaɗai Allah yake magana da shi ba. Musa bai ce uffan ba. Da hukunci ya sauka a kan Maryamu ta kuturce, Musan da ta zaga shi ne ya ɗaga murya yana roƙon Allah ya warkar da ita. Wannan ne mutumin da aka kira mai tawali'u: yana da ƙarfin ramawa, yana da dalilin ramawa, ya riƙe hannunsa, bai kuma riƙe bakinsa a kan gaskiya ba.

Masu maganar kunci su duba abin da Ubangijinmu Yesu da kansa ya yi ranar da aka mare shi. Yana cikin Yahaya sura 18. Yana tsaye a ɗaure gaban Hanana, tsohon babban firist na Yahudawa, wani dogari ya kwaɗa masa mari. Bai rama ba, bai la'anci mutumin ba. Amma bai yi shiru ba. Ya dubi wanda ya mare shi ya ce in ya faɗi abin da ba daidai ba a kawo shaida, in kuwa daidai ya faɗa, don me aka mare shi? Tambaya ce ta mai neman a bi doka. A daren nan kuma, da almajirinsa Bitrus ya zare takobi ya sare kunnen Malkus bawan babban firist, Yesu ya ce masa ya mai da takobin kube, ya taɓa kunnen ya warkar. Ya gaya wa Bitrus cewa da ya so, da Uba ya aiko masa da rundunonin mala'iku fiye da 12. Wato ba rashin dakaru ne ya hana shi ba. Bitrus ɗin da ya zare takobi, kafin zakara ya yi cara ya yi musun saninsa sau uku, har a gaban wata baranya. Tun daga wannan dare ya kamata mu gane cewa saurin zare makami da jaruntaka ba abu ɗaya ba ne.

Haka manzo Bulus a birnin Filibi, a Ayyukan Manzanni sura 16. An yi musu dukan tsiya shi da Sila, an jefa su kurkuku, an sa ƙafafunsu a turu. Da girgizar ƙasa ta buɗe ƙofofi, yari ya zare takobi zai kashe kansa don yana zaton fursunoni sun gudu, Bulus ya kwala masa kira ya ce kada ya cuci kansa, duk suna nan. Ya ceci ran wanda ya kulle shi. Amma da gari ya waye mahukunta suka aiko a sallame su a asirce, Bulus ya ce faufau. Ya ce an doke su a bainar jama'a ba tare da shari'a ba alhali su 'yan ƙasar Roma ne, don haka mahukuntan su zo da ƙafarsu su fitar da su. Suka kuwa zo suna ba da haƙuri. Mutum ɗaya ne, a dare ɗaya da safiyarsa: ya ji tausayin yari, ya tsare gwamnati da doka. Duk wanda ya koya wa yaranmu cewa tawali'u shi ne a kashe ku ku yi shiru, kada ku kai ƙara, kada ku rubuta koke, kada ku tambayi gwamna ina jami'an tsaro suke lokacin da aka shiga ƙauyenku, to ba daga wannan Littafi ya samo ba. Ko gadin unguwa ban ga inda aka hana ba. Nehemiya da yake gina garun Urushalima ya yi addu'a, ya kuma sa masu tsaro dare da rana. Tsare ƙofar gidanka daban, tare hanya ka sauke baƙon da bai san hawa ba bai san sauka ba daban.

A nan ne nake so in tsaya, Malam Edita, domin nan ne ciwon yake. Ranar Lahadi 17 ga Yunin 2012 aka tayar da bama-bamai a majami'u uku, biyu a Zariya, ɗaya a Tirkaniya cikin Kaduna. Kafin la'asar matasa sun fito kan hanyar Abuja da cikin unguwanninmu, an kashe mutanen da ba su san komai a kan bam ba: matafiya, masu acaɓa, masu ƙananan sana'o'i. Marigayi Gwamna Patrick Yakowa ya sa dokar hana fita ba dare ba rana. A ranar na ga abin da har yau nake auna kowane wa'azin tawali'u da shi.

A layinmu akwai wata gwauruwa, 'yar Zumuntar Mata, mai tuyar ƙosai. An kashe mijinta a rikicin 2000 a tsallaken kogi, ko gawarsa ba ta samu ba. Akwai wani yaro mai ga-ruwa, Musulmi, da yake kawo mata jarka kullum da asuba. Ranar nan ya shigo layin a guje, ya yar da kurarsa a kwata, samari kusan goma suna bayansa da gorori da adduna. Matar nan ta jawo shi ta tura shi ɗakinta, ta ja ƙofa, ta ɗauko kujera 'yar tsugunne ta zauna a bakin ƙofar da faifan wakenta a cinya. Ina tsaye a ƙofar gidana, tsakaninmu bai fi taku ashirin ba, ina ganin hannunta yana rawa har waken yana zuba ƙasa. Ba ta yi ihu ba, ba ta zagi kowa ba. Ta dinga duban samarin ɗaya bayan ɗaya tana kiran kowanne da sunan uwarsa, domin duk a gabanta aka haife su. Ɗayansu ya ce, "Mama, ke da suka kashe miki miji?" Ta ce, "Ɗana, wanda ya kashe mijina ban san shi ba, Allah ya san shi. Wannan kuwa na san shi, ruwa yake kawo mini. In za ku shiga, ku fara ta kaina." Suka yi ta surutu, wani ya doki bango da gora, sannan suka watse ɗaya-ɗaya. Yaron ya kwana uku a ɗakinta, sai da motar sojoji ta shigo muka miƙa shi.

A layin nan ranar akwai maza majiya ƙarfi, akwai masu makami, amma ba wanda ya kai matar nan ƙarfin zuciya. Ita ce ta fi kowa dalilin cewa a kashe shi. Ina so samarin da suke ce mini tawali'u na ragwaye ne su gaya mini wanne ya fi wuya: ka shiga cikin mutum goma ku bi yaro ɗaya, ko ka zauna kai kaɗai a gaban mutum goma da faifan wake? Karin Magana 16:32 ta ce mai jinkirin fushi ya fi jarumi, mai mallakar zuciyarsa ya fi wanda ya ci birni da yaƙi. Na daɗe ina karanta ayar, amma a ranar na ga yadda take da ƙafa da hannu.

Mutanenmu sukan ce ramuwar gayya ta fi gayya zafi. Gaskiya ne ta fi zafi, amma a kan wa take sauka? Mai ɗaure bam a jikinsa ya riga ya mutu, wanda ya aiko shi yana daji. Ramuwa kullum a kan mai shayi take ƙarewa, da mai gyaran takalmi, da direban da ya ɗauko tumatir daga Zariya. Washegari kuma a ɗaya tsallaken a kama namu, mai aikin gini ko malamar makaranta, a ce an rama. Shi ya sa Bulus ya rubuta wa Romawa a sura 12 cewa kada su yi ramuwa da kansu, su bar wa Allah, domin sakayya tasa ce. Ba cewa ya yi mugu zai sha ba. Cewa ya yi akwai Alƙali, kuma ba kai ba ne.

Mu duba ribar da muka ci. Kafin 2000 ina haya a Tudun Wada, gida ɗaya da Musulmi, in Sallah ta zo a aiko mana da nama, in Kirsimeti ta zo matata ta aika da shinkafa ɗaki-ɗaki. Yau kogin Kaduna ya zama iyaka. Mu muna Sabon Tasha da Television da Romi da Narayi, su suna Rigasa da Tudun Wada da Kawo. Mutane sun sayar da gidajen da suka gina da gumin shekaru a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba, wasu sun yi musaya. Jikokina ba su taɓa cin tuwo a gidan Musulmi ba, na tabbata akwai yara a Rigasa da ba su taɓa gaisawa da fasto ba. Zabura 37, inda Yesu ya ɗauko maganar gādon, tana gargaɗi ne a kan fushi saboda mugaye, ta ce a bar hasala domin mugunta kawai take haifarwa, sannan ta ce masu tawali'u ne za su gaji ƙasar. Mu da muka bi fushi, kowane ɓangare rabin gari ya gada, kuma yana tsoron ɗaya rabin bayan magariba.

Ba sai mun je nesa neman misali ba. Fasto James Wuye yana cikin jagororin matasan Kirista masu faɗa, ya rasa hannunsa na dama a rikicin 1992. Imam Muhammad Ashafa yana ɗaya ɓangaren, ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. A 1995 suka haɗu, suka kafa cibiyar sasanta tsakanin addinai a nan Kaduna. Faston da bakinsa ya sha faɗa cewa ya yi shekaru suna aiki tare alhali zuciyarsa tana raya masa ya kashe limamin. Su ne suka yi ta kai da kawowa har shugabannin addini 22 suka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna a Agustan 2002. Yarjejeniyar ba ta hana rikicin Nuwamba ba, na sani. Amma mutumin da ya ba da hannunsa a fagen faɗa, ba mai iya kiransa matsoraci in ya ce hanyar nan ba ta ɓullewa.

Akwai kuma wata cuta a cikin gidanmu da dole in taɓa, domin ita ce ta sa yara suka tsani wannan koyarwa. Mun mai da tawali'u wa'azin da na sama yake yi wa na ƙasa. Mace ta zo wurin dattawa da ido a kumbure, a buɗe mata 1 Bitrus sura 3 a ce ta zama mai tawali'u, ba a kira mijin an karanta masa aya ta 7 ta wannan surar ba, ba a karanta masa Kolosiyawa 3:19 da ta hana miji tsananta wa matarsa ba. Mai aikin gida a riƙe mata albashin wata uku, in ta yi magana a ce ba ta da tawali'u. Da aka rufe masaƙar da na yi wa aiki ba a biya mu haƙƙinmu ba, an sami masu ce mana mu bar wa Allah. Wani tsohon foman ɗinmu, mutum mai sanyin murya da ban taɓa jin ya zagi ko yaron da ya tsinka zare ba, shi ya tara takardunmu a cikin wata tsohuwar jakar leda, ya yi ta zarya ofis-ofis shekara da shekaru. A bar shi a benci tun safe har azahar, in an kira shi ya gaida akawu da ladabi, ya ajiye takardun, ya ce, "Ranka ya daɗe, haƙƙin marayu ne a ciki, zan dawo." Ya kuwa dawo. Bai taɓa ɗaga murya ba, bai kuma taɓa janye ko layi ɗaya daga koken ba. Shi ne mai tawali'u a cikinmu, ba masu cewa a bar maganar ba.

Wanda ya fi iko shi ya fi bukatar wannan hali, domin shi ne hannunsa yake iya ɓarna. Yesu ya ce a koya daga gare shi don shi mai tawali'u ne marar girman kai. Ya shiga Urushalima a kan jaki, ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafun almajiransa, har da na Yahuza wanda ya bashe shi. Da Yakubu da Yahaya suka nemi izinin kiran wuta daga sama ta cinye wani ƙauyen Samariyawa da ya ƙi karɓarsu, juyowa ya yi ya tsawata musu, suka wuce wani ƙauyen. Yau kuwa a wasu majami'unmu ana kwana ana kiran wuta a kan maƙiyi, yara suna amsawa da amin. Yaron da ya tashi yana jin wannan addu'a kowace Juma'a da dare, ranar da gari ya rikice me kake tsammani zai ɗauka? Bulus ya gaya wa Timoti cewa bawan Ubangiji ba mai husuma ba ne, sai dai mai sauƙin hali ga kowa, mai yi wa abokan hamayya gyara cikin tawali'u. Wannan umarni ga masu riƙe da makirufo aka fara ba da shi.

Ban ce abu ne mai sauƙi ba, ban kuma ce mutum yana iya ƙirƙiro shi da ƙarfin kansa ba. Galatiyawa sura 5 ta lissafa shi cikin albarkun Ruhu Mai Tsarki, tare da ƙauna da haƙuri da kamun kai, wato abu ne da ake roƙo a gwiwa, ake kuma koyonsa a ƙananan abubuwa: yadda kake amsa wa kwandasta in ya riƙe maka canji, yadda kake magana da matarka in ka dawo a gajiye, abin da kake turawa a WhatsApp in an aiko maka da hoton gawa ba ka san na ina ba ne ko na yaushe. Wanda bai iya riƙe babban yatsansa a kan waya ba, ba zai iya riƙe hannunsa a kan titi ba.

Roƙona ga fastocinmu da shugabannin ƙungiyar Kiristocin Najeriya, CAN, a jihar nan shi ne, in za su koyar da Matiyu 5, su haɗa da Yahaya 18 da Ayyukan Manzanni 16, domin yaro ya ji cewa an hana shi ramuwa amma ba a hana shi neman haƙƙi ba. Su kuma shige gaba wajen neman haƙƙin: a rubuta sunayen waɗanda aka kashe, a bi shari'a har ƙarshenta, a tsare hukuma da tambaya. Matashin da ya ga dattawansa suna bin kadin jinin ubansa ta hanyar doka ba zai yi saurin cewa an bar shi shi kaɗai ba.

Kai kuma, Malam Edita, ina da roƙo a wurinka. Sunayen rikice-rikicen garin nan kowa ya haddace su, amma waɗanda suka ɓoye maƙwabtansu a ɗaki ba a san su ba, alhali suna nan a kowane tsallake. A 2000 wani Alhaji mai sayar da hatsi ne ya ɓoye iyalina a shagonsa bayan buhunan masara har kwana biyu. Duniya ta san Imam Abubakar Abdullahi na jihar Filato da ya ɓoye ɗaruruwan Kiristoci a masallacinsa da gidansa a Yunin 2018, domin an rubuta labarinsa. Ka tura wakilanka Rigasa da Kakuri da Kawo da Gonin Gora su nemo irin waɗannan mutane tun suna da rai, su ji daga bakinsu, a buga. Yawancinsu sun tsufa, wasu ma sun riga mu gidan gaskiya.

Na gode da filin da ka ba ni.

Naka,
Wani dattijon ikilisiya,
Sabon Tasha, Kaduna.